Shekarar Da Zumra Ta Taka Ƙasa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan tudun Peshter kafin titi ya iso ya san Zumra, ko da bai san sunanta ba. "Matar nan ta kan baƙar goɗiya" ake ce mata. Ranar kasuwar Siyenitsa, tun rana ba ta ɗaga ba za a hango ta tana gangarowa daga ƙauyen Borye, gangar katako cike da cuku a dama, wata a hagu, ita a tsakiya ta ɗaure kallabi tamau a ƙarƙashin haɓa, ba ta kula kowa sai wanda ya fara gaishe ta.

Ita ce auta a cikin 'ya'ya mata biyar na Jemo mai tumaki. Ranar da aka haife ta, da aka fito aka gaya masa an sake samun mace, sai ya naɗa taba ya kunna, sannan ya ce, "To, wannan ita ce namijin." Da wasa ya faɗa, amma wasan ya bi ta. Yayyenta suna ɗaki suna kaɗi da saƙa, ita tana bayan ubanta a kan doki ta riƙe masa ɗamara. Tun ba ta gama famfara ba ta riga ta iya ɗaura sirdi, in dai ta sami dutsen takawa. Ita ke kai sha'ir injin niƙa, ita ke bin sawun tunkiyar da ta ɓata, ita ke zuwa kiran liman in an yi rasuwa.

Uwarta ta sha yin mita. "Jemo, ka lalata yarinyar nan. Dubi ƙafafunta, har sun zama baka. Wa zai aure ta?"

Jemo ya ce, "Wanda ba shi da doki."

Haka kuwa aka yi. Hilmo kafinta ne a Borye, shi ke sassaƙa gangunan cuku da ake amfani da su a yankin. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma tun ranar da wani ingarma ya harbe shi a ƙirji yana yaro, bai sake yarda ya bi ta bayan doki ba. A ƙafa yake tallan kayansa, ya ɗaure ganguna a baya kamar kunkuru. Wata rana Zumra ta cim masa a hanya yana haki, ta tsaya ta dube shi daga sama.

"Malam, jakinka ne ya mutu, ko kai ne jakin?"

Hilmo ya share gumi ya ce, "Ni ne. Ban da cizo, ban da harbi."

Ta yi dariya har ta kusa sakin linzami. Ta karɓi gangunan ta rataya, shi ya biyo ta a ƙafa, nesa da kofato. Kaka biyu bayan haka aka ɗaura musu aure. Sauran amare da akwatin kaya da bargunan saƙa suke zuwa gidan miji. Ita ma ta zo da su, amma uban ya ƙara mata da 'yar baƙar goɗiya mai farin goshi, wadda ta raɗa wa suna Lasta.

Uwar Hilmo, Inna Bahta, gajeriyar tsohuwa ce da mijinta ya rasu da daɗewa, mai kaifin baki, mai saurin hucewa. Ba ta taɓa kiran Zumra da sunanta ba. "Amarya" take ce mata, har bayan auren ya tsufa. Tun makon farko ta nuna ba ta son wannan hawa.

"Amarya, a ƙauyen nan mace ba ta raba ƙafa a kan dabba ta bi gari. Sau ɗaya take hawa, ranar da aka kawo ta."

"To Inna, wa zai kai cukun kasuwa? Ɗanki?"

Tsohuwa ta dubi ɗanta, ɗanta ya dubi ƙasa. Maganar ta mutu a nan. Cukun gidan kuwa ya yi suna, don Bahta ta iya haɗa shi, Hilmo ya iya gangar da ba ta yoyo, Zumra kuma tana isa kasuwa kafin kowa.

Abin da ya ƙi zuwa shi ne haihuwa. A shekara ta uku Zumra ta sami ciki, ya zube yana wata biyu. Bayan shekara biyu ta sake samu, shi ma bai kai wata uku ba. Ba wanda ya faɗa mata magana a fuska, amma Borye ƙaramin ƙauye ne, abin da aka faɗa a bakin marmaro da safe, kafin azahar ya shiga kowane gida. Sirdi ne, in ji matan. Wace mace ce za ta wuni tana jijjiga a kan doki ciki ya zauna mata? Inna Bahta ba ta faɗa da baki ba, sai dai duk sanda ta ji an fito da Lasta daga barga, ta dinga buga tukwane da ƙarfi fiye da kima.

Zumra ba ta daina hawa ba. Aikin gida bai bar ta ba, kuma a kan goɗiyar ne kaɗai take samun inda za ta yi kuka ba mai ganinta. Sai ta haye tudu, ta saki linzami, ta yi mai isarta, iska ta busar mata da fuska kafin ta shigo gari.

Ta ba talatin baya lokacin da ta sake jin jikinta ya sauya. Bazara ce, ciyawa ta fara tsirowa. Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba sai da wata na uku ya shige. Ranar kasuwa, bayan ta sayar da cukunta, ta ɗaure Lasta a shingen asibiti ta shiga wurin ungozoma. Sunanta Milunka, ƙatuwar mace daga garuruwan kwari, mai murya kamar ta namiji da hannuwa masu laushi. Ta duba Zumra tsaf, ta ce komai lafiya, haihuwa sai cikin Disamba.

"Daga Borye kika ce? Da me kika zo?"

"Da Lasta."

"Wace ce Lasta? Ƙanwarki?"

"Ga ta can tana cinye miki fure."

Milunka ta leƙa ta taga, ta ga goɗiya ta zura kai ta saman shinge, ta dawo ta zauna tana girgiza kai. Zumra ta daɗe tana murza bakin kallabinta, sannan ta fito da tambayar da ta shekara da shekaru tana ci mata rai.

"'Yar'uwa, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Na farkon nan biyu, ni na kashe su?"

Milunka ta ce, "Ba wanda zai iya gaya miki dalilinsu, ni ma ban sani ba. Na ga matan da ko jaki ba su taɓa hawa ba sun yi ɓari sau uku. Ba ni da hujjar da zan ɗora wa ke ko dabbarki laifi, kuma duk wadda ta ce miki ta sani, ƙarya take. Amma zan gaya miki abin da nake tsoro. Faɗuwa. Kare ya yi haushi, ko kaza ta tashi fir, goɗiya ta zabura. Ke kin saba, ki tashi ki kaɗe jiki. Wanda ke ciki bai saba ba. Kuma cikin yana girma, zamanki a sirdi yana sauyawa, ba za ki gane ba sai ranar da kika karkace."

"Rabona da faɗuwa tun ina yarinya."

"To ashe ta daɗe tana jiranki. Ki sauka, Zumra. Ba har abada ba. Sannan kafin dusar ƙanƙara ta rufe muku hanya, ki sauko gari ki zauna kusa da ni. Kina da dangi a nan?"

"Akwai gwaggona Hanka."

"Madalla. Yanzu je ki cire min dabbarki daga cikin furena."

Zumra ta fito ta kwance Lasta. Ta sa ƙafa a likkafa kamar kullum, sai ta tsaya. Ta daɗe a haka, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, har wani mai amalanke ya tambaye ta ko lafiya. Ta zare ƙafar, ta kama ragama, ta kama hanya. Tafiyar da take yi kafin la'asar, ranar sai da rana ta kusa faɗuwa ta shiga Borye, takalmi ya yi mata bororo a dugadugi. Mutane suka firfito suna kallo.

"Zumra, goɗiyar ce ta yi targaɗe?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To ke ce kika yi?"

Ta wuce su. Ta shiga gida, ta sami Inna Bahta a bakin murhu, ta zauna ta cire takalmi, ta gaya mata komai. Tsohuwa ta tashi ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta kawo ta ajiye a gaban surukarta ta ce, "Sa ƙafar."

Watannin da suka biyo baya sun yi wa Zumra tsawo fiye da duk shekarunta. Ba ta taɓa sanin ƙauyen yana da girma haka ba, ko cewa hanyar marmaro tana da hawa. Duk mutanen da ta saba gani daga sama, yanzu ido cikin ido suke, wasu ma sun fi ta tsawo, abin ya ba ta mamaki. Dole ta zauna cikin mata, ta ji hirar da a da take wucewa ta bar ta. Inna Bahta ta ɗanka mata allurar saƙa da zaren ulu, wai ta saƙa wa jariri safa. Ta farko da ta gama, Hilmo ya ɗaga ta ya juya ya ce, "Wannan ta ɗan maraƙi ce ko ta mutum?" Ta wurga masa dunƙulen zaren.

Sai maganar kasuwa. Cuku ba ya jira, kuma ba mai kai shi sai Hilmo. Karon farko ya ja Lasta a ƙafa zuwa da dawowa, ya iso kasuwa ana watsewa. Zumra ta ce ba za ta saɓu ba. Ta fito da shi bayan gida, ta zauna a kan kututture, ta shiga koya masa.

"Ta hagu ake hawa, maigida. Hagunka. Ɗaya hagun."

"Kallona take yi."

"Ba dole ta kalle ka ba? Shekara nawa kuna gida ɗaya ko sannu ba ka taɓa ce mata ba. Ba ta gishiri a tafin hannunka."

"Ta haɗa da yatsun fa?"

"Sai ka yi sassaƙa da sauran."

Inna Bahta tana leƙe ta ƙofa tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ya hau, ya ƙanƙame geza da hannu biyu, ya rufe ido. Lasta ta yi ajiyar zuciya irin ta dawaki, ta taka a hankali kamar an ɗora mata ƙwai. Ranar kasuwa ta gaba da ya dawo, Zumra ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Ni ban kai ta ko'ina ba, ita ta kai ni. Ta tsaya a ƙofar babanki, sai da na sauka na gaishe shi. Ta tsaya wurin mai gahawa, sai da na sha. Ta tsaya wurin wata mai sayar da kallabi, na rasa abin cewa, ga shi na sayo miki."

Amma ba kullum ake dariya ba. Lokacin yankan ciyawa, kowa ya tafi fadama, Zumra ita kaɗai a gida da ciki wata biyar. Iska tana kaɗawa daga tudu mai ƙamshin ingirici, Lasta tana haniniya a turke. Zumra ta shiga barga, ta ɗauko sirdi, ta ɗora, ta ja majayi. Zuciyarta tana ce mata zagaye ɗaya kawai, a hankali, ba mai gani. Ta jingina goshinta a wuyan goɗiyar, ta daɗe tana jin ɗuminta. Sannan ta kwance majayin, ta mayar da sirdin inda yake. Da ta juyo sai ga Inna Bahta a bakin ƙofa, ta dawo ɗebar wa masu yanka ruwa. Suka dubi juna. Tsohuwa ta ɗauki tulunta ta wuce.

Da yamma suna ferar dankali, Bahta ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba. "Kafin Hilmo, uku na rasa. Biyu a ciki, ɗaya ya zo bai kwana ba. Ni kuwa ko kusa da doki ban taɓa zuwa ba. Lokacin sai aka ce ɗaukar ruwa ne." Ta jefa dankali a tukunya. "Ƙara feraye, amarya, wannan ba zai ishe mu ba." Daga ranar tsohuwar ta daina buga tukwane.

An shirya cewa cikin Nuwamba Zumra za ta bi motar katako da ke zuwa har gindin tudu ta sauka Siyenitsa. Ana saura kaɗan sai sama ta ɓalle da ruwa, kwana da kwanaki ba ɗaukewa. Rafin da ke tsakanin Borye da babbar hanya ya cika ya tafi da gadar katako. Mota ba za ta iso ba, amalanken shanu ba zai ƙetare ba. Da ruwan ya ɗauke sai sanyi ya sauko mai shiga ƙashi, tsofaffi suka dubi sama suka ce dusar ƙanƙara tana hanya, kuma in ta sauka a Peshter, sai dai a yi maganar hanya in Allah ya kai mu bazara.

Suka zauna su uku a bakin murhu. Bahta ta ce a bari ta haihu a gida, kamar yadda kowa ya haihu, ga tsohuwa Zeyna da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Sai ta janye maganar da kanta, don ta tuna sauran da Zeyna ta karɓa ba su zauna ba. Hilmo ya ce zai nemi maza huɗu su ɗauke ta a makara. Zumra ta ce ba mai ɗora ta a makara da ranta, kuma maza huɗu a cikin ruwa mai gudu ƙafa takwas ne masu santsi.

Ta ce, "Lasta ta san mashigin sama. Ta sha ƙetare shi da ni."

"Ungozoma ta ce kada ki hau."

"Ta kuma ce in zo. Ka zaɓa min ɗaya."

Abin da ba ta faɗa musu ba shi ne tsoro take ji. Ita da aka yaye a kan doki, yau ta dubi bayan Lasta ta ga ya yi mata nisa da ƙasa.

Hilmo ya tashi ya shiga rumfar aikinsa. Har yamma ana jin zarto da guduma. Ya fito da wata kujera ta gefe da ya ƙera a kan sirdin kaya, da majingini a baya, da mariƙi a kowane hannu, da allo na ajiye ƙafa, yadda mutum zai zauna ƙafafunsa biyu a gefe ɗaya ba tare da ya matse ciki ba. Bahta ta shimfiɗa mata barguna har uku. Zumra ta zagaya abin ta duba ta ce, "Wannan ai ta matar sarki ce."

"Matar kafinta ce za ta hau," in ji Hilmo.

Da gari ya waye suka tashi. Maƙwabta biyu suka taimaka aka ɗaga ta daga kan kututture. Hilmo ya riƙe ragama a gaba. Inna Bahta kuwa ta fito da sanda da ƙunshin burodi mai cuku, ta ce ita ma za ta. Aka yi aka yi ta zauna, ta ce, "Jikana ne a kan dabbar nan. Wanda ya isa ya hana ni."

Tafiya suka yi ta hawainiya. Ƙasa ta daskare, kofato yana ƙwas ƙwas, numfashinsu yana fita kamar hayaƙi. Da farko Zumra ta riƙe mariƙin har yatsunta suka yi fari. Ba linzami a hannunta, ba likkafa a ƙafarta, zaune take kamar buhun gari. Sannu a hankali ta ji takun da ta sani yana shiga ƙugunta, ta saki jiki. Duk inda gangara ta yi tsanani sai ta ce a tsaya, su sauke ta, ta taka da ƙafarta, Hilmo a dama, Bahta a hagu, Lasta tana biye da su ba mai ja. In bayanta ya ƙage, su nemi dutse su zauna, tsohuwa ta gutsura mata burodi ta tsare ta sai ta cinye.

Rana tana tsaka suka iso rafin. Ruwan ya ragu amma har yanzu ja ne, yana gudu, ga guntayen gadar sun maƙale a duwatsu. Hilmo ya naɗe wando, ya shiga, ya ja ragama. Lasta ta kafe ƙafafu, ta ƙi motsi. Ya sake ja, ta ɗaga kai ta ja da baya, kujerar ta yi girgiza. Bahta ta saki salati.

Zumra ta ce a hankali, "Kada ka ja ta. Sassauta mata igiyar. Ƙara. Bar ta ta sansana."

Goɗiyar ta sunkuyar da kai ta shinshina ruwan, ta yi furzar hanci, sannan ta juya ta bi gaɓa zuwa sama, ta wuce mashigin da aka saba, har inda rafin ya yi faɗi a kan tsakuwa. Nan ta shiga da kanta.

"Yanzu dawo kusa da kafaɗarta, ta gefen da ruwa ke bugowa. Ɗora hannunka a wuyanta. Yi mata magana."

"In ce mata me?"

"Ko ma mene ne. Gaya mata yadda ake haɗa ganga."

Haka Hilmo ya ƙetare rafin, ruwan ƙanƙara har cinyarsa, haƙoransa suna haɗuwa, yana yi wa goɗiya bayanin yadda ake jiƙa katako kafin a lanƙwasa shi. Zumra ta ɗora hannu ɗaya a kan cikinta, ta kafe idonta a kan wata bishiya da ke ɗaya gaɓar, ba ta dubi ruwan ba. Sau ɗaya kofato ya zame a kan dutse, Lasta ta tsaya cak, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba. Da suka hau tudu Hilmo ya sauke matarsa, ya zaunar da ita, shi ma ya zube kusa da ita.

Daga can ƙetare sai suka ji murya. "To ni fa? A nan za ku bar ni kerkeci ya cinye?"

Dole Hilmo ya koma da Lasta. Inna Bahta, wadda rabonta da bayan doki tun ranar da aka kawo ta Borye, ta hau kujerar matar kafinta ta rufe ido, ta karanto duk abin da ta haddace tun tana yarinya, tana haɗawa da zagin ɗanta da na wanda ya gina gadar. Zumra ta yi dariya har ta riƙe ciki tana roƙon a daina. Da aka sauke tsohuwar ta gyara kallabi ta ce, "Ashe ana ganin nesa daga can sama."

A bakin babbar hanya akwai gidan wani abokin Hilmo, nan ya sauya wando ya sha shayi mai zafi. Da motar haya ta iso, matan biyu suka shiga. Shi dole ya koma, don ga tumaki da shanu ba kowa. Zumra tana kallo ta gilashi ya kwance kujerar ya bar wa abokinsa ajiya, ya shafa wuyan goɗiyar, ya haye ba tare da neman dutse ba. Kafin motar ta sha kwana, farin abu ya fara saukowa ɗaya ɗaya.

Washegari da Milunka ta ji yadda suka zo, sai da ta ajiye abin da ke hannunta. "Na ce ki sauka daga doki, shi ne kika jira sai da kika kusa haihuwa kika hau?" Ta duba ta, ta saurari cikin, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Lafiya lau yake. Kun yi hankali, kuma kun yi sa'a, biyun duka. Kada ki koma ƙauye ki ce na ce ba komai."

A gidan gwaggo Hanka suka zauna. Cikin Disamba, wata ranar Talata da hantsi, Zumra ta haifi 'ya mace mai yawan gashi da ƙarfin murya. Inna Bahta ce ta fara karɓarta daga hannun Milunka, ita ta zaɓa mata suna Sabaheta. Hilmo bai ga 'yarsa ba sai da ta fara murmushi, don hanya a rufe take. Ranar da ya iso, gemunsa duk ƙanƙara, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi matsowa sai da hannuwansa suka yi ɗumi.

Zumra ta koma kan sirdi bayan an yi shuka, ta ci gaba da kai cukunta kasuwa. Bayan shekara uku ta sake samun ciki, ta haifi Esad. Wannan karon ba wanda ya ce mata komai, da kanta ta rataye sirdin, Hilmo ya karɓi kasuwa. Inna Bahta ta rayu har ta ga Sabaheta ta shiga makaranta, kuma a jinyarta ta ƙarshe ba ta yarda kowa ya juya ta sai amarya.

Daga baya titi ya iso Borye, motar madara ta fara zuwa har ƙofar gida, zuwa kasuwa da cuku ya zama sai wanda ya so. Lasta ta tsufa ta mutu a bargarta. Sabaheta ta zama malamar makaranta a Nobi Pazar, Esad ya tafi Jamus aikin gini ya zauna can. Hilmo ya rasu shekarun baya, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Zumra tana nan da ranta, ta haura tamanin, ƙugu ya hana ta abubuwa da yawa amma bai taɓa bakinta ba. Da sanyi takan zauna wurin Sabaheta a bene hawa na uku, inda take cewa ruwan famfonsu ba shi da ɗanɗano. Da zarar ƙanƙara ta fara narkewa sai ta haɗa kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, a fara rigima. Esad ya bugo waya ya ce ta tsufa da zaman ƙauye ita kaɗai, ta ce masa ya zo ya zauna da ita in ya damu. Bana ma ita ta ci. Mijin Sabaheta ya kai ta a mota, ya gyara mata bututun murhu, ya faskara mata itace. Kafin ya juya ta sa shi ya haƙa mata kunya huɗu a bayan gida, ta ce dankalin kanti ba ya ƙosar da ita.